Hannun Da Ya Fito A Gefen Hoto

A cikin akwatin ƙarfen da na gada daga mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta da rahama, akwai hoto ɗaya tak da aka ɗauke ni ina yaro. A bayansa akwai hatimin wani shagon hoto da ke Tudun Wadan Zariya, wanda tuni ya koma wurin sayar da caja da murfin waya, sannan wani ya rubuta da biro: ƙaramar Sallah, 1984. Ina tsaye ƙiƙam cikin riga da wando na yadi ɗaya, hular ta yi mini yawa har ta sauko kan kunnuwa, hannuwana manne da cinyoyi kamar kurtun soja. Ƙanwata, wadda a lokacin ba ta wuce wata takwas ba, tana zaune a kan wata kujera da aka lulluɓe da zane. A bayanmu labule ne da aka zana wa bene mai hawa uku da jirgin sama yana keta gajimare, ga tukunyar furen roba a ƙasa, ga wayar tarho a kan tebur wadda ba ta haɗe da komai. Mu kuwa daga gidan ƙasa muka fito a cikin birni, babu wanda ya taɓa hawa bene a cikinmu, balle jirgi.

Can a gefen dama, daidai inda takardar ta ƙare, akwai hannu. Yatsu huɗu ne da guntun wuyan hannu, da lalle, da awarwaro biyu, yatsun suna taɓa kafaɗar rigata kamar ana ƙoƙarin daidaita ta. Ban taɓa tambayar ko na wane ne ba, domin a wurina amsar a fili take: na Gwaggo ne. Wa zai taɓa ni a bainar jama'a in ba ita ba?

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe na wancan zamani ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa ambaton sunana ba har ta koma ga Mahaliccinta. In tana nemana sai ta ce, "Ku ce da yaron nan ya zo." An ce in na kwanta ciwo takan kwana ba ta runtsa ba, amma gari na wayewa ba za ta tambayi jikina a gaban mutane ba, sai dai kunu ya iso ta hannun wani. Da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda lungu biyu ne tsakanin gidan aurenta da namu. Ita ta goya ni, ita ta kai ni makarantar allo, ita nake yi wa rigima in an hana ni kuɗin alewa. Ban taɓa ɗaukar abin da mahaifiyata ke yi a matsayin ƙi ba. Kunya ce, kuma a idon mutanen lokacin ita ce adon mace mai tarbiyya.

Sai bayan rasuwarta na gane irin giɓin da ke hannuna. Hotunanta da muka iya tattarawa guda uku ne: ɗan ƙaramin fasfo na tafiya aikin Hajji, da na katin zaɓe, da wani na taron biki inda take can layin baya, rabin fuskarta a cikin mayafi. Duka ukun fuska ce a ɗaure tana jiran a gama. Babu ko ɗaya da ya nuna ta a ɗakinta, gaban jeren tasoshinta da kwallayenta, ko a bakin murhu tana fifita wuta da mafici, ko tana dariyar nan tata da take rufe baki da gefen zane. Gidan ma da aka raba gado sayar da shi aka yi, wanda ya saya ya rushe ya ɗora bulo. Rannan babbar 'yata ta tambaye ni ta wane ɓangare rijiyar take, gabas da zaure ko yamma, na buɗe baki zan amsa sai na ji ina kokwanto. Gidan da na yi shekara ashirin ina shiga ina fita.

Wannan tambaya ce ta sa na zauna wani dare na bi hotunan da ke cikin wayata da ta uwargida ɗaya bayan ɗaya. Sun haura dubu biyu, kuma kusan duka na yara ne: ranar suna, ranar Sallah, ranar shiga makaranta, ranar walima. Kowane yaro a tsaye jikin bango mafi tsafta a gidan, cikin sabon ɗinki, an ce masa ya yi murmushi ya yage baki. Uwarsu kuwa da ƙyar na ƙirga hotuna goma da ta fito tare da su, saboda ita ce mai riƙe wayar. Sai na ga ashe abin da ya faru da ni yana shirin faruwa da su ta wata ƙofar. Mu muna zaune ne a gidan haya a Kaduna, ran da mai gida ya ce yana son abinsa, shi ke nan, tsakar gidan da suka koyi tafiya a cikinsa ya zama na wasu.

Ina da wata tsohuwar ɗaliba da ta kama sana'ar ɗaukar hoto bayan ta gama jami'a. Yawancin cinikinta na biki ne da kamu, amma ta taɓa gaya mini cewa aikin da ta fi so shi ne a kira ta gida ta yi 'yan sa'o'i da iyali, ba fitila, ba labule, ba "kowa ya kalli nan", ta bar yara su yi harkarsu ita kuma tana bin su da kyamara. Ta ce a Turai da Amurka reshe ne mai zaman kansa a sana'ar, a nan kuwa masu nema ba su da yawa. Da na fara ji dariya na yi, na ce wannan ai aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Daren da na gama bin hotunan nan na nemi lambarta. Kasancewarta mace ya sauƙaƙa abin, domin gidanmu ba gidan da namiji baƙo zai ratsa har tsakar gida da kyamara a wuya ba ne. Kuɗin da ta yanka ya kai na rabin buhun shinkafa, kuma ba zan ɓoye ba, sai da na yi kwana biyu ina juya lissafin.

Uwargida ta amince, amma ta fahimci maganar yadda kowace matar gida za ta fahimce ta: baƙuwa za ta zo da kyamara. Tun ranar Alhamis aka shiga aiki. Aka wanke labulaye, aka goge tagogi, aka kwashe bokitai da butoci da turmi aka tura bayan ɗakin girki, aka kwance igiyar shanya. Aka ciro wa yara kayan Sallar bana aka goge. Ranar Asabar da hantsi, lokacin da mai hoto ta yi sallama, ta tarar da yara uku a jere kan kujerar falo kamar masu jiran alƙali, an gargaɗe su kada wanda ya motsa ya ɓata guga. Gwaggo, wadda ta zo mana jinyar ƙafa ta kwana biyu, tana ɗakinta ta ja ƙofa, ta riga ta sanar da cewa ita ba ruwanta.

Yarinyar ta gaisa da kowa, ta ajiye jakarta ba ta ko buɗe ba. Ta dubi uwargida ta ce, "Anti, don Allah in ba damuwa, a ƙyale su su sa kayan da suka saba sawa ranar Asabar. Kuma ina turmin gidan nan?"

Uwargida ta dube ni, irin kallon da ma'anarsa ita ce, ka ga abin da ka jawo mana. Ta ce, "Turmi kuma? Ki ɗauke mu da turmi da bokiti, mutane su ce me?"

"Babu mutanen da za su gani, Anti, sai waɗanda kika nuna wa."

A ƙarshe sulhu aka yi. Aka fara ɗaukar na kwalliya, kowa a tsaye, ni da babbar riga, don hankalin uwargida ya kwanta. Bai ɗauki minti goma ba, kuma auta, ɗan wata goma da yake tsakiyar ƙiwa, ya tsala kuka tun daga farko har ƙarshe. Daga nan aka tuɓe kayan Sallah. Mai hoto ta nemi tabarma ta zauna a tsakar gida ta karɓi kokon da aka miƙa mata, ta yi kusan rabin sa'a tana hira da uwargida kan tsadar gas da makarantar yara, kyamarar tana kan cinyarta. Na fara tunanin ko kuɗina sun tafi a shan koko. Ashe jira take yara su manta da ita. Na tsakiyan, mai shekara huɗu, shi ya fara zuwa ya taɓa kyamarar, ta bar shi ya leƙa, har ta bar shi ya danna ya ɗauki ƙafar kansa. Da ya ga abin ba wani abin mamaki ba ne, sai ya koma wurin tsohuwar tayar babur ɗin da yake garawa. Daga wannan lokaci ban ƙara jin ta ce wa kowa ya yi kaza ba.

Na zauna a gefe ina lura da yadda take aiki, domin ni mutum ne mai son sanin yadda ake yin abu. Ba ta kunna filasha ko sau ɗaya ba. Ta ce haskenta yana razana jariri, yana kuma mayar da kowane ɗaki kamar ofishin yin katin shaida. A cikin ɗaki takan sa a kashe ƙwan lantarki a ɗage labule, ta tsaya ta yadda hasken taga zai sauka a gefen fuskar yaro. A waje kuwa inuwar bango take nema, ta ce rana tsaka tana sa yara su runtse ido, tana kuma haƙa ramuka baƙaƙe a ƙarƙashinsa. Lokacin hunturu ne, ta ce hazon da muke kuka da shi ita alheri ne a wurinta, domin yana tace hasken rana ya yi laushi. Mafi yawan lokaci a durƙushe take ko a kwance rub da ciki, kyamara daidai tsayin idon yaro. Da na tambaye ta dalili ta ce, "Malam, hoton da babba ya ɗauka a tsaye, tsakiyar kan yaro yake nunawa da ƙasa. In ka sauko, sai ka ga gidan yadda shi yake ganinsa." Ta kuma nuna mini cewa ta saita kyamarar ta riƙa ƙiftawa cikin kashi ɗaya bisa ɗari biyar na daƙiƙa, saboda yaro mai gudu ba ya jiran kowa.

Wannan ƙiftawar ita ce ta raba zamaninta da na magabatanta a sana'ar. Lokacin da aka bayyana wa duniya fasahar hoto a Faransa a 1839, sai mutum ya daɗe a gaban kyamara bai motsa ba kafin surarsa ta kama, har masu shago suka riƙa ajiye wani ƙarfe da ake tallafe ƙeyar mutum da shi ta baya. Ko da lokacin ya ragu ya koma daƙiƙoƙi, jariri bai san wannan doka ba. Dabarar da masu hoto na Ingila da Amurka suka ɓullo da ita a ƙarni na 19 ita ce a zaunar da uwa a lulluɓe ta da mayafi ko labule ta zama kamar kujera, a ɗora mata jaririn ta riƙe shi ta ƙarƙashin zane. Wata mai fasaha da ke zaune a Italiya, Linda Fregni Nagler, ta tattara irin waɗannan hotuna kimanin dubu ta fitar da su a littafi a 2013. In ka duba za ka ga jariri tas, a bayansa kuma wani tudu mai siffar mutum, wani lokaci takalmi ya leƙo ta ƙasa, wani lokaci yatsu. A 1888 George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak wadda ake sayarwa da fim na ɗauka ɗari a ciki, in ya ƙare a mayar wa kamfani ya wanke, sai hoto ya fita daga shago ya shiga gidajen mutanen can. Mu a nan kyamara ta ci gaba da zama a hannun mai hoto, da fim ɗinsa mai ɗauka 36 wanda kowace ɗaya kuɗi ce, har zuwa lokacin da wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta zo ta sami ido. Wanda yake lissafin kowace dannawa ba zai ɓata fim a kan yaro yana gara taya ba. Saboda haka muka tashi da sanin cewa hoto abu ne da ake wanka a yi ado a je a tsaya masa.

Ba na cikin masu raina wancan hoto na shago. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, a tsakar gidansa yake aiki da hasken rana, yana kuma ajiye rediyo da agogo da babur da mota don wanda ya zo ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya, kuma abin da ke jan ido a cikinsu shi ne mutuncin da talakan Bamako ya tsaya da shi a zamanin da Bature ke mulkinsa. Benen nan da jirgin da ke bayanmu a 1984 fata ne iyayenmu suka yi mana da fenti, kuma ƙanwar tawa da ke kan kujera ta hau jirgin, har sau biyu, zuwa Makka. Abin da kawai nake cewa shi ne, hoton shago yana adana burin gida, amma ranar da mutum ya rasa uwa, abin da zuciyarsa ke nema shi ne ranar Talata da babu komai a cikinta.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya gidan ya koma yadda yake. An dawo da igiyar shanya saboda auta ya ɓata zanen gado. Na tsakiya ya kifar da kwanon koko ya zauna a ciki. Uwargida ta manta da baƙuwa ta daka masa tsawa, sannan ta tuna ta kama baki. Babbar, mai shekara bakwai, ta ɗauko allonta za ta wanke, ƙanenta ya ce shi zai sha ruwan, aka yi kokawa. Ana cikin haka uwargida ta ce kan yarinyar nan ya tsufa, gobe Lahadi akwai Islamiyya, ta jawo ta ta zaunar tsakanin ƙafafunta ta ɗauko kibiya da man kitso.

Hayaniyar ce ta fito da Gwaggo, tana dogara sanda. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ke 'yar nan, kada ki kuskura ki haska ni da wannan abin."

"To, Hajiya, ba zan ɗauka ba sai da izininki."

Gwaggo ta nemi kujera 'yar tsugune ta zauna a inuwa. Auta, wanda ya ƙi kowa tun safe, ya rarrafa ya kama sandarta ya miƙe. Ta ɗauke shi ta ɗora a cinya tana yi masa tsiyar da kakanni ke yi wa jikoki maza, wai miji ne da ba ya kawo cefane, ba ta son sa, ya koma wurin uwarsa. Yaron ya kama carbinta ya sa a baki yana ƙyalƙyala dariya. Mai hoto ta dube ni, na dubi Gwaggo. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "In za ki ɗauka ki ɗauka, amma ban yarda a rataye ni a bango ba."

Na san mai karatu zai ce, ina batun hukunci? Malamai sun yi magana a kan hoto, sun kuma saɓa, musamman kan ko na kyamara yana cikin surar da aka yi hani a kanta ko kuwa kama inuwa ne kamar yadda madubi ke yi. Wannan fili ba na fatawa ba ne, kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Mu dai sharaɗin Gwaggo muka ɗauka ya zama dokar gida: a albam za su zauna, cikin durowa, a ciro in ana so a mayar.

Bayan mako biyu ta kawo aikin. Ta ce ta danna sama da sau ɗari huɗu, ta zaɓo arba'in. Na dage a wanke su a takarda, domin na taɓa rasa waya a tashar mota, hotunan shekara uku suka bi ta, ciki har da na sunan na tsakiya. Muka baje su a kan tabarma da daddare. Na kwalliyar yana nan, ba laifi, irin wanda za a aika wa dangi. Sauran kuwa sai muka yi shiru muna kallo. Ga tsagewar bangon da nake ta cewa zan sa a shafe. Ga butar alwalata mai murfin da ba nata ba. Ga yaro a cikin koko, fuskarsa ɗauke da mamakin abin da ya aikata. Uwargida ta ɗauki ɗaya ta ce wannan kam a ƙona shi, ɗankwalinta ya zame, ga zufa. Na karɓa na duba. Na kitson ne. Yarinyar ta ɓata fuska saboda zafin tsaga, uwar kuma ta sunkuyo tana hura mata iska a wurin, da wani irin kallo da ban taɓa kama ta tana yi wa 'yar farinta ba. Ita ma ta gaji nata rabon na kunyar, ko da yake bai kai na iyayenmu ba. Tana kiran sunan yarinyar, amma ba ta yabonta, kuma in Gwaggo na wurin ko cinya ba ta bari ta hau. Na ce wannan ba za a ƙona ba. Ta ce to a sa shi can ƙarshen albam.

Kada in yi wa mai karatu kwalliyar da na hana a yi wa gidana: shi ma wannan salon yana da nasa shirin. Mai hoto ce ta zaɓi arba'in daga ɗari huɗu, kuma na lura ba ta kawo wanda ake daka tsawa ba. Na kuma ga yadda wasu ke mayar da abin wasan kwaikwayo, a sayo sabon turmi da tabarmar kaba don a nuna sauƙin kai, alhali gidan ko taɓarya babu. Sannan ba kowa ne zai iya ba da kuɗin rabin buhun shinkafa a wannan marra ba, kuma bai kamata ya bayar ba in tukunya na jira. Abin da yarinyar nan ta yi wanda ya fi tsadar kyamararta shi ne haƙuri da durƙuso, kuma waɗannan ƙanwar miji ko ɗiyar maƙwabta mai waya a hannu za ta iya su. Sharaɗin kawai shi ne a karɓe wayar daga hannun uwa, a bar ta ta shiga ciki.

Wuri ɗaya muka saɓa da ita. Ta roƙi in bar ta ta sa uku daga ciki a shafinta na Instagram don tallar aiki, har ta ce za ta rage mini kuɗi. Na ƙi, na kuma nemi ta goge na matan gidan daga kwamfutarta bayan ta miƙa mana, ta yi hakan a gabana ba tare da ɓacin rai ba. Hoton shago an yi shi ne don idon jama'a, wanda ya tsaya masa ya san za a gani. Wannan kuwa cikin gida ne, yaro ba riga, uwa ba mayafi, kuma darajarsa ta zo ne daga cewa ba wanda ya shirya wa baƙo. Yaron da ke zaune cikin koko wata rana zai zama saurayi mai neman aure ko mai neman aiki, bai kuma ba kowa izinin ya ajiye shi a intanet a haka ba. A Faransa har doka suka yi a Fabrairun 2024 wadda ta ɗora wa iyaye nauyin kare haƙƙin 'ya'yansu game da hotunansu. Mu tun kafin doka muna da tsoron baki da kambunsa, ga shi kuma mun zama masu baje 'ya'yanmu a gaban dubban idanun da ba mu sani ba, tun ranar da aka haife su.

Daren da Gwaggo za ta koma Zariya, ta ce a kawo mata albam ɗin ta gani. Ta sa tabarau ta bi su a hankali, ta daɗe a kan nata da auta, ta ce ashe haka ta tsufa ba wanda ya gaya mata. Ganin ta sake, sai na ɗauko na 1984 daga akwati na miƙa mata, na ce, "Gwaggo, ga wani da kika fito tun tuni, ko da yake hannunki kaɗai ya samu shiga."

Ta kai shi kusa da fitila ta ƙura masa ido. Ta ce, "Wannan ba hannuna ba ne."

Na ce, "To na wa?"

Ta ɗora yatsa a kan kujerar da ƙanwata ke zaune. "Ni ga ni nan. Ka ga wannan tudun? Ni ce a durƙushe a bayan kujera, mai hoto ya lulluɓe ni da zane ina riƙe da ƙugun yarinyar kada ta faɗo. Har na ce masa ya yi sauri numfashina zai ɗauke." Na duba da kyau, karo na farko a shekara arba'in, sai ga shi kuwa, zanen ya yi tudu a inda kujera ba ta da tudu.

"Uwarka ba ta so zuwa ba," in ji Gwaggo. "Dole ce ta sa, saboda yarinyar tana shan nono. Mahaifinku ya ce ta shiga a ɗauka da ita, ta ce Allah Ya kiyaye ta tsaya hoto ɗaya da kai. Ta koma jikin bango ta ja mayafi. To, mutumin ya gama saiti zai danna, sai ta ga rigarka ta karkace a kafaɗa. Ka san ta da son abu ya zauna daidai. Kafin ta janye ya riga ya danna." Ta yi 'yar dariya. "Da aka wanko ta ga hannun, ta ce a sa almakashi a yanke gefen. Na ce to, kawo in yanke. Ta ce a bari sai gobe."

Ta miƙo mini hoton, ta cire tabarau tana goge shi da bakin mayafi. Ta ce, "Awarwaron nan ma ai ni na ba ta, ranar sunanka."